Fasfo Yakan Mutu Kafin Ranar Da Aka Rubuta Masa

A filin jirgin sama na Malam Aminu Kano na taɓa ganin wata dattijuwa mai niyyar Umara, jakarta ɗaure da jan ƙyalle don kada ta ɓace mata a Jidda. Ma'aikaciyar jirgi ta buɗe fasfonta, ta ƙirga watanni da yatsa, ta ba Hajiya haƙuri: saura wata biyar da 'yan kwanaki wa'adinsa ya ƙare. An buga mata biza da wuri, tafiya ta jinkirta, kwanaki suka ci wa'adin. Ɗanta yana ta nuna ranar da ke rubuce, yana cewa ai bai mutu ba. Gaskiya ya faɗa, amma ba ta hau jirgin ba.

Saudiyya tana son fasfon baƙo ya kasance da sauran aƙalla wata shida. Haka Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Masar da Sin, ƙasashen da 'yan kasuwarmu suka fi yi wa zirga-zirga. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Baƙo na iya kwanciya ciwo ko ya zarce kwanakinsa, kuma mayar da mutum gida da mataccen fasfo aiki ne ja.

Mutane kan ɗora laifi a kan ma'aikacin da ke karɓar tikiti, alhali shi ma a ɗaure yake. Kamfanin da ya kai fasinjan da aka ƙi karɓa shi zai dawo da shi, a ƙasashe da dama kuma har da tara. Shi ya sa suke duba Timatic, kundin ƙa'idojin shiga ƙasashe na ƙungiyar IATA. Abin da kwamfuta ta nuna shi ne hukunci, magiya ba ta sauya shi.

Ƙasashen Shengen na Turai lissafinsu daban ne. Wata uku suke nema, amma daga ranar da za ka bar yankin ake ƙirgawa, kuma dole a ce an ba da fasfon cikin shekara 10 da suka wuce. Wannan sharaɗi na biyu ya kama 'yan Birtaniya da yawa bayan ficewarsu daga Tarayyar Turai, domin har zuwa 2018 gwamnatinsu kan ƙara wa sabon fasfo ragowar watannin tsohon, har wata tara. Afirka ta Kudu kuwa kwana 30 bayan tafiyarka sun ishe ta, sai dai tana son shafukan da ba a taɓa ba, don buga hatimi.

A Najeriya akwai fasfo mai shafi 32 na shekara biyar, da mai shafi 64 na shekara 10 da aka fito da shi a 2019. Ga mai zuwa Makka ko Dubai, na shekara biyar ɗin a zahiri na shekara huɗu da rabi ne.

Abin da ya fi damuna shi ne ejan-ejan da ke karɓar kuɗin mutane ba su duba shafin wa'adin fasfo ba. Mai sana'ar tafiye-tafiye ya san ƙa'idar wata shida kamar yunwar cikinsa. Tsohuwar da ta yi shekaru tana adashi don ta ga Ka'aba ba ta sani ba, kuma ba laifinta ba ne. Waccan Hajiyar na ga ta zauna a benci, fasfon a cinyarta, tana jan carbi, ɗanta yana ta kiran lambar ejan ba a ɗauka.