Wahalar da ke cikin ɗinka babban bargo a gida

Da yawa daga cikinmu mun taɓa ganin bargon nan na agaji mai launi-launi, wanda aka harhaɗa da guntayen yadi. Ba kamfani ke yin sa ba. Matan ikilisiyoyin Amurka da Kanada ne suke ɗinka shi a gidajensu da ɗakunan majami'a, da yawansu kuwa tsofaffi ne. Ƙungiyar Lutheran World Relief, wadda aka kafa a 1945, da Mennonite Central Committee, wadda ta soma a 1920, suna cikin masu tattarawa su aika ƙasashe dabam dabam. Idan zumuntar mata ta ikilisiyarku tana so ta gwada yin irinsa domin gwauraye da 'yan gudun hijira kafin hunturu, ya kamata ku san abin da aikin yake yi wa jiki.

Bargon hawa uku ne: fuskar da aka harhaɗa, da auduga ko tsohon bargo a tsakiya, da yadin baya. Girman da ƙungiyoyin nan suke nema shi ne wajen inci 60 a faɗi, 80 a tsawo. Harhaɗa fuskar ba shi da wuya, ko mai koyo za ta iya. Wahalar tana wurin haɗa hawa ukun.

Ku dubi keken ɗinkin da ke gidanku. Tsakanin allura da jikin keken bai fi inci 7 ba. In za a ɗinka tsakiyar bargon, dole rabinsa, wato inci 30 mai kauri, a naɗe shi a cusa ta wannan 'yar kafa. Sauran rabin yana rataye a gefen tebur, nauyinsa yana jan allura har ta lanƙwashe ko ta karye. Mai ɗinki tana turawa da hannun dama, tana tallafewa da na hagu, waɗansu har sukan ɗora naɗin a kafaɗa. Kafin awa guda wuya ya sage, kafaɗu sun ɗau zafi, yatsu sun gaji da damƙa. Matan can suna da keken lantarki, amma duk da haka suna kuka da wannan ciwo. Mu da muke taka keke da ƙafa, sai a ƙara da ƙugu da gwiwa.

Akwai kuma aikin ƙasa. Kafin a je keke, sai an shimfiɗa hawa ukun an kakkafe su da fil, domin haƙoran keke na ƙasa kaɗai suke ja, na sama yakan zame ya tattare. Wannan durƙuson ne ya fi ba tsofaffi wahala.

Maganin ba ƙarfi ba ne, shiri ne. A jera tebur a bayan keken da gefen hagu, tsayinsu ɗaya da na keken, domin katako ya ɗauki nauyin. A soma daga tsakiya a nufi baki, ta haka naɗin yana raguwa. A sami kujerar da gwiwar hannu za ta yi daidai da tebur. Mace biyu su yi aikin, ɗaya tana taka keke, ɗaya tana karɓa ta baya, suna canjawa tun kafin a gaji. Fil kuma a sa shi a tsaye, a kan teburan majami'a.

Mu dai a ganinmu, ba lalle ne a kai babban bargo keke ba. Yawancin barguna na agaji ɗaure su ake yi: a soka babbar allura da zare mai kauri ta ratsa hawa ukun, a ƙulla sau biyu, a bar tazarar da ba ta kai taki ɗaya ba a sake wani ƙullin. Mata shida suna iya kewaye tebur su yi shi tare, har da mama wadda idonta bai ganin kafar ƙaramar allura. Bakin bargon kaɗai za a bi da keke.