Hukuncin Mai Kulki a Wasan Besbol

Daga cikin wasannin da mutanen Amurka, da Japan, da Kuba suka ɗauka da girma akwai wanda ake kira besbol, wanda ginshiƙinsa shi ne mutum guda ya jefo ƙwallo mai tauri, wani kuma ya tsaya riƙe da kulki yana neman ya make ta. Wanda ya kalli abin daga nesa zai ɗauka ƙarfin damtse ne kurum, alhali kuwa mas'alar ta hukunci ce, hukuncin da ya wajaba mutum ya yanke tun hujja ba ta gama bayyana ba.

Tsakanin inda mai jifa yake tsayawa da inda mai kulki yake jira akwai ƙafa 60 da inci 6, wato mita 18 da ɗoriya, kuma gwanin jifa, idan ya sako ƙwallo da gudun mil 95 a awa, takan iso cikin kusan kashi 4 cikin 10 na sakan ɗaya. Daga wannan ɗan lokaci ido zai ci rabonsa kafin ya isar da saƙo ga ƙwaƙwalwa, kaɗa kulkin shi ma zai ci nasa, ta yadda abin da ya rage wa tunani bai wuce ƙiftawar ido ba. Saboda haka, tun ƙwallo tana wajen tsakiyar hanya, tilas mai kulki ya ƙudura niyya, ko ya buga ko ya ƙyale; ba ya aiki da yaƙini, sai da abin da malamai ke kira zato mai rinjaye, yana ɗaukar dalilansa daga kafaɗar mai jifa, da wuyan hannunsa, da yadda jan ɗinkin ƙwallon yake juyawa a iska.

Abin da ya faru a 2004 ya tabbatar da cewa firasa ce jarin, ba saurin jijiya kaɗai ba. Jennie Finch, gwanar wani wasa ɗan'uwan besbol wanda ake jifa cikinsa ta ƙasan kafaɗa, ta jefa wa Albert Pujols, ɗaya daga cikin zakarun zamaninsa, ya kasa bugawa, duk da cewa ƙwallonta ta fi ta besbol girma kuma ba ta kai ta gudu ba. Alamomin da ya shafe rayuwarsa yana karantawa ne babu su a jikinta.

Amma jiki, hikimarsa ita ce ya soma tafiya tun hukunci bai faɗo ba. Mai kulki yakan tara nauyinsa a ƙafar baya, ya taka ta gaba a hankali, da zarar dugadugi ya dafe ƙasa sai ƙugu ya juya, ƙirji ya biyo, hannuwa su zo a ƙarshe suna jan kulkin, kamar dai yadda ɗan dambe yake ɗauko naushi daga ƙasa, ba daga kafaɗa ba. Jinkirin hannuwan nan, a ganina, shi ne sirrin sana'ar baki ɗaya, domin muddin suna baya, ƙofar janye niyya a buɗe take. Masu jifa sun san haka sarai, shi ya sa sukan kaɗa hannu da cikakken ƙarfi amma su sako ƙwallo mai raunin gudu, mai gaggawa ya zubar da nauyinsa gaba, ya bugi iska.

Misalin mai kulkin da ya iya wannan hukunci shi ne Ted Williams na ƙungiyar Boston Red Sox, wanda ya raba wurin da ƙwallo halattacciya take wucewa gida 77, ya san inda yake da ƙarfi da inda yake da rauni, yana kuma haƙurin ƙyale wadda ba tasa ba. A 1941 ya dace da bugu sau 185 cikin dama 456, wato kashi 40 da ɗigo 6 cikin 100, kuma daga shekarar nan har yau ba wanda ya sake kai kashi 40 cikin kaka guda a gasar American League ko National League.