Koyon sana'a da kuɗin tallafi a Damargu: me ke saura bayan an rufe poroje?

A gundumomin Tanut da Belbeji, cikin jihar Damagaram, yawancin matasan da suka bar lakwal ko ba su taɓa shigarta ba suna da zaɓi biyu da zarar an kai amfanin gona gida: su zauna zaman jiran damina, ko su ɗauki hanyar ci-rani zuwa Agadas, Aljeriya, Libiya ko Najeriya. Cibiyoyin koyon sana'a da gwamnati da masu ba da tallafi suka ɗauki nauyinsu an kafa su ne domin a samu zaɓi na uku. Sai dai kuɗin tallafi yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma iyaye da matasa da yawa ba su san inda yake fitowa ba, balle abin da ke biyo baya idan ya yanke.

Yadda tsarin yake

A Nijar akwai matakai biyu na koyon sana'a da suka fi kusa da talaka. Na farko shi ne cibiyar koyon sana'o'i da aka sani da CFM, wadda ke ƙarƙashin ƙaramar hukuma, kuma tana karɓar yaran da karatu bai yi nisa da su ba, har da waɗanda ba su yi boko ba. Ana koyar da ɗinki, kafinta, walda, gini, haɗa wutar lantarki a gidaje, gyaran injuna da babura, da kuma noma da kiwo. Na biyu shi ne kwalejin fasaha, wato CET, wadda ke ɗaukar ɗaliban da suka gama firamare, ta haɗa musu karatun aji da aikin hannu.

A zamanin shugaba Mahamadou Issoufou, wanda ya yi mulki daga 2011 zuwa 2021, gwamnati ta ɗauki manufar samar da CFM a kowace ƙaramar hukuma da CET a kowace gunduma. A Damargu wannan manufa ta shafi ƙananan hukumomin Tanut, Gangara, Ollelewa, Falenko da Tenhiya, sai kuma Tarka, wadda ita kaɗai ce ƙaramar hukumar gundumar Belbeji tun lokacin da aka cire ta daga Tanut a 2011. A 2016 kuma gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na ikon kula da ilimi da koyon sana'a, tare da kiwon lafiya, ruwa da muhalli.

Ina kuɗin ke fitowa?

Hanyoyi uku ne. Ta farko kasafin gwamnati da na ƙaramar hukuma, waɗanda ke ɗaukar albashin malamai da gine-gine. Ta biyu asusun FAFPA, wanda aka kafa domin tallafa wa koyon sana'a. Tushensa harajin koyon sana'a ne da kamfanoni ke biya bisa albashin ma'aikatansu. Harajin yana shiga baitulmali tukuna kafin a ware wa asusun kasonsa.

Hanya ta uku ita ce tallafin ƙetare, kuma ita ce ta fi sayen injuna da kayan aiki. A 2013 Bankin Duniya ya amince da porojen PRODEC na haɓaka ƙwarewar matasa da dala miliyan 30, daga baya aka ƙara masa kuɗi. Akwai kuma shirin da ya shafi wannan yanki kai tsaye. Bayan taron da shugabannin Turai da na Afirka suka yi a birnin Valletta na ƙasar Malta a watan Nuwamban 2015, Tarayyar Turai ta buɗe wani asusun gaggawa domin rage ƙaura zuwa Turai. Daga cikinsa aka ware yuro miliyan 6.9, wato kimanin sefa biliyan huɗu da rabi, don horar da matasa maza da mata na jihohin Agadas da Damagaram tare da taimaka musu su kama aiki. Hukumar raya ƙasashe ta Luksamburg, LuxDev, ita ta gudanar da shi.

Zaɓen waɗannan jihohi biyu yana da dalili. Hanyar da ta tashi daga Damagaram ta ratsa Tanut zuwa Agadas tana cikin manyan hanyoyin da matafiya ke bi zuwa arewa, kuma a 2015 ɗin ne Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure. Kenan kuɗin ya zo ne da buƙatar mai bayarwa a cikinsa, kuma idan buƙatarsa ta sauya, kuɗin ma yakan sauya hanya.

Darasin 2023

An ga haka a fili bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Tarayyar Turai ta dakatar da tallafin kasafin kuɗi da take ba Nijar, Bankin Duniya ya tsayar da fitar da kuɗi kafin ya dawo a 2024, ita kuma sabuwar gwamnati ta soke dokar safarar baƙin haure a watan Nuwamban 2023. A watan Afrilun 2024 aka rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi a madadin magadan gari.

Ga cibiyar koyon sana'a, yankewar tallafi ba ta nufin rufe ƙofa nan take. Gini yana nan, kekunan ɗinki da injin walda suna nan. Abin da ke fara ƙarewa shi ne kayan da ake cinyewa kullum: yadi da zare, katako, ƙarfe, sandar walda, man janareta, kuɗin gyaran injin da ya lalace. Ɗalibin walda da ba ya taɓa ƙarfe, ko mai koyon ɗinki da ke jiran layin keke guda tare da mutum goma, zai iya fita da takarda alhali hannunsa bai faɗa ba. Yawancin poroje yana sayen manyan kaya ne sau ɗaya, ya bar wa ƙaramar hukuma ɗawainiyar yau da kullum, ita kuwa abin da take tarawa na haraji a kasuwanni da wuya ya kai.

Sana'ar da Damargu ke buƙata

Matsala ta biyu ita ce dacewar horo da kasuwa. Mai ba da tallafi yana ƙidaya nasara da yawan waɗanda aka horar, domin shi ne adadin da ke saurin shiga rahoto. Ɗinki kuma shi ne mafi sauƙin koyarwa da sayen kayansa. Amma idan aka yaye teloli talatin a gari guda a shekara guda, mafi yawansu sai a jajibirin salla za su ga aiki.

Damargu tana kan iyakar noma da kiwo. Iyakar arewa ta noma da dokar 1961 ta shata tana ratsa wannan yanki. An san shi da gero tun zamanin ayarin raƙuma, kuma kasuwannin dabbobi irin na Bakin Birji da Belbeji suna tara mutane daga nesa. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana da zurfi ƙwarai a wurare da dama, don haka garuruwa da makiyaya sun dogara da rijiyoyin burtsatse. Wannan yanayi da kansa yana nuna sana'o'in da ke da ciniki: gyaran famfo da farantan sola, kula da lafiyar dabbobi, turkar raguna da haɗa abincin dabbobi, sarrafa madara zuwa cuku, jima, gyaran babura da injin niƙa, gyaran wayar salula. Duk famfon da ya tsaya har sai an ɗauko mai gyara daga Damagaram, aiki ne da ɗan gari ya rasa.

Akwai kuma matatar mai ta SORAZ, wadda aka buɗe a watan Nuwamban 2011 a ƙaramar hukumar Ollelewa, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Irin wannan masana'anta tana neman masu walda da masu lantarki da ke da takardar shaida da ƙwarewa mai zurfi, abin da horon wata uku ba ya bayarwa. Yaron yankin da ke son irin wannan aiki sai ya bi ta CET ya wuce makarantun fasaha na gaba.

Abin da ya kamata a tambaya kafin rajista

Uba ko uwa da ke shirin kai yaro, ko matashin da ya ji sanarwar horo a rediyo, yana da haƙƙin sanin wasu abubuwa. Wata nawa horon zai ɗauka, kuma takardar da za a bayar gwamnati ta san da ita? Za a tura ɗalibi wurin wani maigida a kasuwa ya yi aiki da hannunsa, ko a aji kaɗai za a zauna? Kayan fara sana'a da ake alkawari kyauta ne ko bashi, kuma yaushe za a bayar? Ga ƴan mata da ƴaƴan makiyaya da ke zuwa daga rugage masu nisa, ina za su kwana, wa zai ciyar da su? Tambaya mafi amfani ita ce ina waɗanda aka yaye bara suke yanzu. Idan shugaban cibiya ya iya nuna shagunansu, alama ce mai kyau.

Su ma hukumomin gari suna da abin yi tun kafin poroje ya ƙare: ware wa cibiya layi a kasafin shekara, ba ta kwangilar teburan lakwal, ƙofofi da kayan ɗalibai domin ta samu kuɗin shiga nata, da zama da ƙungiyoyin masu sana'a kafin a zaɓi abin da za a koyar. Cibiyar da ke sayar da abin da ɗalibanta suka ƙera tana iya sayen ƙarfe da yadi ko da mai tallafi ya tattara kayansa. Wadda ba ta da wannan kuwa, sai ta jira poroje na gaba, matasanta kuma su koma tashar motar Agadas.