Yadda za a ceto tsofaffin hotunan da ke ruɓewa a ƙauyukan Kano

A gidaje da dama na yankin Bichi, Dambatta da Makoɗa, akwai tsofaffin akwatunan ƙarfe da aka tura ƙarƙashin gado. A ciki, tare da takardun haraji da na gona, akan tarar da baƙaƙen fallaye da ake kira negatif, wato fim ɗin da masu hoto na da ke wanke hoto daga jikinsa. Magada da yawa na ɗaukarsu shara, alhali su ne asalin hoton.

Hoton takarda yana kwaɗewa, yana dushewa. Negatif kuwa, musamman manya na inci 4 da 5 ko na gilashi, yana riƙe da bayanin da ya fi na takardar: aikin wuyan riga, fuskokin mutanen da ke baya, har itatuwan gona.

Matsalar ita ce yanayinmu. Zafin bazara, laimar damina da ƙurar hunturu duk maƙiyansa ne. Idan fim ya fara warin tsami yana nannaɗewa, to ya kama hanyar lalacewa. Wani nau'in da aka daina yi a farkon shekarun 1950 ma yana kama wuta cikin sauƙi, don haka a nisanta shi da murhu.

Sikanar da ake kwafar takardu da ita a shago ba ta wannan aiki, domin negatif na bukatar haske ya ratsa ta bayansa. Ana amfani da sikana mai fitila a murfi, irin Epson V850, ko a ɗora fim ɗin kan farin allo mai haske a ɗauke shi da kyamara, sannan a juya baƙi da fari a kwamfuta.

Girman ɗauka shi ke nuna girman hoton da za a wanke. Negatif mai inci 4 da 5, idan aka ɗauke shi da ɗigo 1,200 a kowane inci, zai ba da hoto tsaf mai inci 16 da 20. A adana shi a tsarin TIFF, domin WhatsApp na rage ingancin hoto. Kada a wanke fim da ruwa, kada a taɓa gefensa mara sheƙi. Na gilashi kuma a jera su tsaye, kowanne a cikin takardarsa.

An ga amfanin wannan a Najeriya. Hotunan Solomon Osagie Alonge, mai ɗaukar hoton fadar Oba na Benin, ciki har da negatif na gilashi, an adana su a gidan tarihi na Smithsonian da ke Amurka, aka baje kolinsu a 2014, sannan a birnin Benin a 2017.

A Kano ma tsohon hoto ya taɓa zama shaida. Binciken da aka wallafa a 1990 kan itacen girki, wanda Michael Mortimore na cikin marubutansa, ya kwatanta hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama, ya gano cewa itatuwan gonakin kewayen Kano ba su ragu ba duk da farin da aka yi.

Wanda ke da irin wannan akwati ya fito da shi kafin damina ta sauka. Ya kuma zauna da dattawan gida a rubuta sunayen mutanen da ke cikin hotunan, tun ana da masu gane su.