Binciken manya a Gana: a raba aya da tsakuwa

Daga Aboabo zuwa Asawase, duk majalisar da ka zauna a Zangon Kumasi za ka ji hirar manyan da ake bincike a kansu. Wasu maganganun gaskiya ne, wasu kuma an yi musu ƙarin gishiri.

Wadda ta fi yawo ita ce, wai Shugaba Mahama ne ya ƙirƙiro ofishin mai gabatar da ƙara na musamman, OSP, don farautar 'yan jam'iyyar NPP. Ba haka ba ne. A zamanin tsohon shugaba Akufo-Addo na NPP aka yi dokar kafa shi, a 2017, kuma shi ya naɗa Kissi Agyebeng shugaban ofishin a 2021, bayan Martin Amidu ya ajiye muƙamin. Mutum na iya sukar salon aikin ofishin, amma asalinsa ba a ɓoye yake ba.

Ana kuma cewa Ken Ofori-Atta, tsohon ministan kuɗi, harajinsa ne ya ƙi biya. Nan ma an karkata zancen. Kwangila ce hukumar haraji ta GRA ta ba kamfanin SML, don ya sa ido kan kuɗin da gwamnati ke samu daga man fetur. 'Yan jaridar The Fourth Estate ne suka tono lamarin a Disamban 2023, Akufo-Addo ya sa kamfanin KPMG ya duba, sannan a Nuwamban 2025 OSP ya shigar da tuhuma 78 a kan Ofori-Atta da wasu bakwai, har da tsofaffin shugabannin GRA. Tambayar ita ce ko an bi doka wajen ba da kwangilar, kuma ko ƙasa ta yi asara.

Binciken da ya fi taɓa mu shi ne na Mustapha Abdul-Hamid. Da yake ya riƙe ma'aikatar raya Zango, sai wasu suka ɗauka kuɗin Zango ake nema a hannunsa. A'a. Tuhumar ta Yulin 2025 ta shafi zamansa a hukumar man fetur ta NPA: ana zarginsa tare da wasu da tatsar sidi miliyan 280 da 'yan kai daga kamfanonin mai da masu tankoki. Ya musanta a gaban kotu.

Saboda haka, malam, kafin ka tura saƙon murya a WhatsApp kana kiran wani ɓarawo, ko kana wanke shi, bincika tukuna ko alƙali ya yanke hukunci.