Wa Zai Biya Kuɗin Motar Ɗalibi Mai Bincike?

A shekarun 1970, masanan Jami'ar Ahmadu Bello da na Liverpool sun bi ƙauyukan Malumfashi suna binciken tsargiya da zazzaɓin cizon sauro, da gudummawar kuɗi daga Ingila.

Amma ɗalibin da ya zaɓi nazarin yara masu raunin ƙwaƙwalwa, waɗanda sanƙarau ko doguwar naƙuda ta nakasa, galibi daga aljihunsa yake biyan mota zuwa Funtuwa. Asusun TETFund na 2011 malamai yake bai wa kuɗin bincike.

Ga shi aikin ba na yini guda ba ne. Sai uwa ta saba da baƙo, ta tabbata ba gori ya kawo ba, kana ta fito da ɗanta daga ɗaki.