FASHIN BAƘI: Abin da finafinan Indiya na shekarun 1970 suka faɗa game da birnin Bombay

A watan Janairun 1975 aka fara haska fim ɗin Deewaar a gidajen silima na Indiya. Wata biyar bayan haka, a ranar 25 ga Yuni, Firaminista Indira Gandhi ta sa aka ayyana dokar ta-ɓaci, aka tsare jagororin adawa, aka saka wa jaridu takunkumi har zuwa Maris na 1977. Kusancin waɗannan ranaku yana da ma'ana. Finafinan da aka shirya a Bombay, wanda aka sauya wa suna zuwa Mumbai a 1995, sun ɗauki zafin da ke cin talakan birnin a wancan lokaci, suka mayar da shi labari. Masu kallo a Kano da Kaduna da Jos sun fi tuna waƙoƙi da faɗa, amma a ƙarƙashinsu akwai muhawara a kan aiki, muhalli da amanar hukuma.

Birnin da ya cika ya batse

Ƙidayar 1971 ta nuna Bombay na da mutum kusan miliyan 6, zuwa 1981 kuma sun haura miliyan 8. Masaƙu da tashar jiragen ruwa ne ke janyo 'yan ci-rani daga ƙauyuka, sannan mummunan farin da ya afka wa jihar Maharashtra a 1972 ya ƙara koro wasu. Gidaje ba su wadata ba, don haka dubbai suka koma kwana a gefen titi da ƙarƙashin gadoji.

Indira Gandhi ta ci zaɓen 1971 da alƙawarin kawar da talauci. Sai yaƙi da Pakistan ya zo a ƙarshen shekarar, tashin farashin man fetur na 1973 ya biyo baya, hauhawar farashi ta wuce kashi 20 cikin 100. A watan Mayun 1974 ma'aikatan jirgin ƙasa sama da miliyan ɗaya suka shiga yajin aiki ƙarƙashin George Fernandes, gwamnati ta murƙushe shi cikin kusan mako uku tare da kama dubban ma'aikata. A gefe guda, tsauraran dokokin shigo da zinare da kayan ƙasashen waje sun mayar da fasa-ƙwauri hanyar arziki mafi sauri a gaɓar tekun birnin. Haji Mastan, wanda ya fara da dako a tashar jiragen ruwa, ya zama hamshaƙin da kowa ya san sunansa.

Haihuwar fusataccen matashi

Kafin wannan lokaci, Rajesh Khanna ne sarkin silima, da finafinansa na soyayya da taushin hali. Marubuta biyu, Salim Khan da Javed Akhtar, su ne suka karkatar da akalar. A fim ɗin Zanjeer na 1973, wanda Prakash Mehra ya ba da umarni, Amitabh Bachchan ya fito a matsayin Sufeto Vijay, ɗan sanda mai gaskiya da aka ƙulla wa sharrin karɓar cin hanci, aka tuɓe masa kaki, aka ɗaure shi. Da ya fito, sai ya nemi haƙƙinsa da hannunsa. Saƙon a bayyane yake: doka tana nan a rubuce, amma ba ta iya kare ko da mai aiwatar da ita.

Deewaar, na darakta Yash Chopra, ya zurfafa maganar. Labarin ya fara da shugaban ƙungiyar ƙwadago da mai kamfani ya yi garkuwa da iyalinsa, ya tilasta masa sa hannu a takardar da ta sayar da ma'aikata. Fusatattun mutane suka huce a kan ɗansa Vijay, suka zana masa a hannu cewa ubansa ɓarawo ne. Uwar ta kwashi 'ya'yanta biyu zuwa Bombay, tana ɗaukar bulo a wurin gini, suna kwana ƙarƙashin gada. Vijay ya yi sana'ar goge takalma don ƙanensa Ravi ya yi karatu. Da suka girma, Vijay ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa, ya ƙi biyan harajin da 'yan daba ke karɓa duk mako, daga nan ya faɗa harkar fasa-ƙwauri har ya sayi benen da uwarsa ta yi leburanci a gininsa. Ravi, wanda Shashi Kapoor ya fito a matsayinsa, ya zama ɗan sanda, aka ɗora masa kamo yayansa.

Akwai abu ɗaya da ya taɓa zukatan masu kallo Musulmi. Lambar aikin da Vijay ke ɗaurawa a dantse ita ce 786, adadin da Musulmin yankin ke ɗauka a matsayin lissafin haruffan Basmala. Wani dattijo Musulmi abokin aikinsa ne ya bayyana masa darajarta. Lambar ta tare masa harsashi, kuma a ranar da ta suɓuce masa ne harsashin ƙanensa ya same shi.

Ɗaya fuskar birnin

Ba kowane fim ne ya ɗauki bindiga ba. Piya Ka Ghar na Basu Chatterjee, wanda ya fito a 1972, labarin amarya ce 'yar ƙauye da aka kawo ɗan ƙaramin gidan haya inda dangin miji ke cunkushe, ba ta da inda za ta keɓe da mijinta. A Gharaonda na 1977, masoya biyu ma'aikatan ofis sun tara kuɗin sayen gida, ginin ya tsaya, kuɗin ya salwanta. Gaman na Muzaffar Ali, na 1978, ya bi wani ɗan ƙauye daga Uttar Pradesh da ke tuƙin tasi a Bombay, yana kasa tara ko kuɗin komawa ganin matarsa. Waɗannan finafinai ba su yi tashe kamar na Bachchan ba, amma sun fi kusa da rayuwar mafi yawan mazauna birnin.

Shi kuwa Amar Akbar Anthony na Manmohan Desai, wanda ya fito a 1977, mafarkin haɗin kai ya sayar. 'Yan'uwa uku da suka rabu tun suna yara, ɗaya ya tashi Hindu, ɗaya Musulmi, ɗaya Kirista, sun haɗu a asibiti suna ba wata mata jini ba tare da sun san uwarsu ce ba. Tarzomar addini da ta girgiza birnin a 1992 da 1993 ta nuna nisan da ke tsakanin wannan hoto da zahiri.

Inda fushin ya tsaya

A nan ne ya kamata mai kallo ya buɗe ido. Deewaar ya fara da ƙungiyar ƙwadago, amma bai sake komawa kanta ba. Matsalar dubban ma'aikata ta rikiɗe ta zama rigimar gida ɗaya, uwa ta zaɓi ɗanta ɗan sanda, Vijay ya cika a cinyarta a wurin bauta, Ravi kuma ya karɓi lambar yabo. An bar mai kallo ya sha daɗin tawaye na awa uku, sannan aka nuna masa makomar mai tawaye.

Akwai dalilin kasuwa a cikin haka, akwai kuma na tsoro. A zamanin dokar ta-ɓaci an dakatar da fim ɗin Aandhi saboda ana ganin jarumarsa ta yi kama da Firaminista. An ƙone kwafin Kissa Kursi Ka, fim ɗin da ya yi wa gwamnati shaguɓe. An hana sanya waƙoƙin Kishore Kumar a gidan rediyon gwamnati bayan ya ƙi yin waƙa a taron jam'iyya mai mulki. Furodusa ya fahimci cewa jarumi zai iya dukan ɗan sumoga, amma ba zai taɓa minista ba.

Fushin gaske ya zo daga baya. A Janairun 1982 ma'aikatan masaƙun Bombay kusan 250,000 suka shiga yajin aiki ƙarƙashin Datta Samant. Yajin ya haura shekara, ba a biya buƙatunsu ba, masaƙu da dama ba su sake farfaɗowa ba, filayensu kuma yau sun zama manyan kantuna da benayen masu kuɗi.

Wannan labari ba baƙo ba ne ga wanda ya san abin da ya faru da masaƙun Kakuri a Kaduna ko masana'antun Sharaɗa da Bompai a Kano. Tun shekarun 1950 'yan kasuwa Larabawan Labanon ke shigo da finafinan Indiya gidajen silimar Arewa, daga baya Kannywood ta gaji waƙa da rawarsu da labaran soyayyarsu. Abin da ba ta cika ɗauka ba shi ne tambayar da marubutan Bombay suka yi, ko da ba su ƙarasa amsarta ba: wa ya gina birnin, kuma me ya sa maginin ke kwana ƙarƙashin gada?